Randar Amiran

A shekarar da aka fara raɗe-raɗin za a rufe sashen koyar da haɗa giyar inabi na jami'armu, ni na fi kowa dariya. A Kakheti? Inda ko akuyarmu ta san inabin da ya nuna da wanda bai nuna ba? Amma da na leƙa ajin na ga kujeru sun ninka ɗalibai, na shiga ɗakin gwaji na tarar da na'urorin da suka girme ni, sai dariyar ta maƙale. Mai hali ya tura ɗansa Tbilisi, babban birninmu, ko ƙasar waje. Mara hali kuma ya ce me malami zai koya wa yaronsa wanda kakansa bai yi a tsakar gida ba.

Ni Jamusanci nake koyarwa, tsakanina da inabi sai a kofi. Tsiuri ce ta jawo ni cikin maganar.

Ita ce ƙaramar malama a sashen, kuma surukar shugabansa ce, Batono Elguja, kamar yadda muke kiran namiji don girmamawa, mace kuma Kalbatono. Ɗansa Amiran ta aura. Amiran ya rasu a hanyar dutsen Gombori yana dawowa daga bikin abokinsa, ya bar ta da 'yarsu Keso tana koyon tafiya. Tun daga nan take zaune a gidan surukanta a ƙauye, kullum ta shigo motar haya ta zo ta koyar, a biya ta abin da ko takalman yarinya ba ya saye. Yayar Tsiuri kuwa tana Bari, can Italiya, tana jinyar tsofaffi kamar rabin matan yankinmu, kuma duk Lahadi sai ta bugo waya da zance ɗaya: akwai wata tsohuwa mai neman wadda za ta kula da ita, ɗaki kyauta, abinci kyauta, ki zo. Yarinya dai ba a zuwa da ita.

Ana nan sai wata gidauniya ta Jamus ta yi shelar tallafi ga jami'o'in da ke koyar da wannan sana'a. Za su gyara ɗakin gwaji, su horar da matasan malamai, su riƙe albashinsu har sashe ya tsaya da ƙafarsa. Ni da Tsiuri muka kwashe hutun zafi muna rubuta neman, ita da ilimin, ni da Jamusancin. A gabana ta ce wa yayarta, "Ki dakata mini. In an samu, ina nan tare da 'yata. In ba a samu ba, ki ce wa tsohuwar ta gyara gado."

Muka tsallake zagayen farko. Abin da ya rage, za su aiko mutum ya ga aji da idonsa, malama tana koyarwa, ɗalibai suna koyo. Sharaɗin ke nan, kuma sun faɗe shi ba kwana-kwana. Sai ranar da suka zaɓa ta faɗo tsakiyar tsinkar inabi, lokacin da ko mai jinya tashi yake ya ɗauki kwando. Tsiuri ta bi gida-gida tana roƙon iyaye su ara mata 'ya'yansu na hantsi ɗaya.

Elguja kuwa, sai wanda ya san shi. Ya tsufa a sashen nan, rabin masu giyar kwarin Alazani ta hannunsa suka bi, kuma darasinsa na farko ga kowane sabon ɗalibi bai taɓa canzawa ba: randar giya in ka buɗe ta, ko ka shanye, ko ka juye cikin ƙarama ka liƙe, don iska ba ta yafiya. Mutumin kirki ne, in yana da riga ɗaya zai ba ka. Amma taurin kansa, ko dutsen niƙa albarka.

Ana jajiberin zuwan baƙon muka yi ta da Elguja a ofishinsa.

"Daga mota sai aji," in ji ni. "Ya ga darasi, ya ga ɗakin gwaji, sannan ka ɗura masa abinci har ya kasa tashi."

"Kalbatono Lamara, ashe Jamusancin ya ci miki kai haka? Mutum ya taso daga wata uwa duniya, a sa shi aiki da yunwa? A garin nan? So kike a yi da ni a kasuwa har in mutu?"

"Ba baƙonka ba ne, mai duba aiki ne."

"Duk wanda ya tako ƙasar nan baƙo ne, baƙo kuwa na Allah ne. Loma ɗaya zai yi, kurɓi ɗaya, mu dawo."

"Na san loma ɗayarka. Ita ta sa mijina ya rasa jirgin ƙasa, ya dawo gida da hular wani."

Ya yi dariya har da buga tebur. Tsiuri ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Baba, yaran ba za su wuce tsakar rana ba. Iyayensu na jiran su a gona."

"'Yata, ki bar mini wannan. Ku da takarda kuka iya nema. Ni na san ta inda ake shiga zuciyar mutum."

Washegari da hantsi baƙon ya iso, Dokta Eberhard, dogo siriri mai furfura, da kansa ya tuƙo mota daga Tbilisi, kuma a ranar zai koma don ya kama jirgin sama. Mutum mai ladabi, har ya ba ni haushi, don da mugu ne da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Tun a bakin ƙofa ya ce in gaya wa mai gida abu ɗaya: yana bakin aiki, kuma zai tuƙa mota ta kan dutse, saboda haka yakan ɗanɗana giya amma ba ya haɗiyewa. Na faɗa wa Elguja kamar yadda ya faɗa.

"Haka duk suke cewa," in ji Elguja. "Ce masa mun ji."

Ta taga ina hango ɗalibai sun cika aji, abin da rabon da a gani an daɗe, hannayensu baƙi ƙirin da ruwan inabi, sun sa fararen riguna a kan kayan gona. Baƙon ya nufi wajen. Elguja ya kama hannunsa kamar tsohon aboki, ya juya shi zuwa mota. Ƙauyen ba nisa, in ji shi, yanzu za a dawo. Baƙon ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Muka bar Tsiuri tsaye a ƙofar aji.

Dali, matar Elguja, ta shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Burodin cuku, gasasshen nama, wake a tukunyar ƙasa, faranti a kan faranti har babu wurin aje gwiwar hannu. Elguja ya miƙe da kofi, shi ne jagoran tebur, kuma in jagora yana magana ba mai katse shi. Aka sha don zaman lafiya. Aka sha don baƙo da ƙasarsa. Aka sha don iyayen baƙo, waɗanda ba wanda ya san ko sunansu. Baƙon yana taɓa kofi da leɓe ya aje, yana satar kallon agogo. Ni kuwa ina fassara ina taka ƙafar Elguja a ƙarƙashin tebur, ko gezau.

Inuwar rumfa ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu sai ga Tsiuri ta faɗo gidan, ta yi hayar mota ta biyo mu, numfashinta sama-sama.

"Baba, sun fara tafiya. Don Allah."

"Kin zo a daidai," in ji shi. "Abu ɗaya ya rage. Ku biyo ni."

Ya kai mu ɗakin randuna. Da sanyi a ciki, randunan yumɓu binne a ƙasa har wuya, kowace da murfin dutse an liƙe da laka an rufe da yashi. Ya wuce manyan duka. Ya je lungu ya durƙusa gaban wata ƙarama, inda guntayen kyandir suka daskare a ƙasa. Kowa a ƙauyen ya san randar nan. Amiran ne ya cika ta da hannunsa a kakar inabi ta ƙarshe da ya gani, kuma tun da aka binne shi ba wanda ya taɓa ta, sai Dali da ke zuwa ta kunna kyandir ta yi hira da ita.

"Baba, ba wannan ba," in ji Tsiuri.

"Wa zan ajiye wa? Don ke da Keso nake buɗewa. Ni na yi magana, Lamara ta yi. Bari mijinki ma ya sa baki."

Ya share yashin da tafin hannu, ya yanke lakar da wuƙa, ya ɗaga dutsen. Ƙamshin ya cika ɗakin. Dali ta toshe baki da gefen ɗankwalinta. Ya zura ludayin duma mai dogon hannu ya ɗebo, giyar ta fito garau, launin zuma, ya zuba a ƙoƙunan yumɓu ya miƙa wa kowa. Ya ɗiga kaɗan a kan gutsuren burodi, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu.

"Ga wanda ya tattake inabin nan da ƙafarsa," in ji shi. "Ɗana ne. Haske ya tabbata a gare shi."

Na fassara, ban rage komai ba. Baƙon ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Mu muka kafa kai muka shanye, don na mamaci ba a rage shi a ƙoƙo. Shi kuwa ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya juya ta a baki kamar mai tsoron kada wani abu ya wuce shi. Sannan ya taka a hankali zuwa wancan lungun inda bokiti yake, ya ba mu baya, ya tofar.

Ya dawo idonsa da ƙwalla. Ya ce in gaya wa uban, a duk yawonsa ba sau da yawa ya gamu da irin wannan ba, wanda ya yi ta gwani ne. Na faɗa. Elguja ba ya ji. Bokitin yake kallo, fuskarsa ta yi fari kamar an yayyafa mata gari.

"Ce masa ya fita mini daga gida."

"Ba zan faɗa ba."

"To, zai gane da kansa." Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa.

"Elguja, ka dawo hayyacinka! Tun da safe ya gaya maka. Kai ma a ɗakin gwaji ba tofarwa kake ba?"

"A ɗakin gwaji giya nake tofarwa. Nan ɗana ya tofar."

Baƙon ya dubi wannan ya dubi wancan, sai ya gane. Ya fara ba da haƙuri, ni ina juyawa, amma Elguja ya mayar da dutsen kan randar ya fice ta ƙofar baya. A ƙasar da ake cewa baƙo na Allah ne, na ga an kori baƙo da burodi a hannunsa, kuma ban san wanda zan fi jin kunyarsa ba.

Muka shiga mota muka koma. Da muka isa jami'a rana ta karkata, ajin wayam. Fararen riguna a rataye a bayan kujeru. A kan kowane tebur Tsiuri ta jera kofunan ɗanɗano, kuma kusa da kowane jeri ta aje ɗan ƙaramin bokiti na tofarwa. Baƙon ya kalli bokitan, ya kalle ta. Ita ma ta kalle su.

Ta ce in tambaye shi ko zai zauna ta yi darasin haka nan. Ya zauna a kujerar gaba, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Ta ɗauki alli ta fara, tana yi wa kujeru bayanin yadda ake gane giyar da iska ta shiga. Ban taɓa jin ta koyar da kyau kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayin mutum haka ba. Bai jira ƙarshe ba, hanya na gabansa. Ya riƙe hannunta da hannu biyu ya ce zai rubuta abin da ya gani. Matsalar ke nan, mutumin ba ya ƙarya.

Duk da haka ya yi iya nasa. Bayan ya koma ya kira ni, ya ce in shugaban sashe ya sake gayyatarsa, zai roƙi manyansa su bari ya dawo. Na ɗauki saƙon da zafinsa na kai ƙauye. Na tarar da Elguja yana wanke kwanduna a bakin famfo, Tsiuri tana shanya.

"Ban ji ba," in ji shi.

"Kalma biyu, Elguja. Ni zan rubuta, kai sa hannu kawai."

"In gayyaci wanda ya tofar da ɗana? Ya riƙe kuɗinsa. Kafin a haifi kakansa muke yin giya a nan, ba da tallafin kowa ba."

"Da girman kai za ka biya albashin yarinyar nan?"

"Ba ta rasa ci ba a gidana."

Tsiuri ta aje rigar da ke hannunta. Tun da na san ta ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, mutumin nan dutsen Gombori zai hau da mota. Da ɗanka ya iya tofarwa a wancan bikin, da yanzu yana nan."

Ruwan famfo ya ci gaba da zuba a kwandon. Elguja ya miƙe, ya share hannu a wando, ya je ya kulle ɗakin randuna ya jefa makullin a aljihu. Maganar da kowa ya sani ce, ba a dai taɓa faɗarta a gidan ba. Na so a ce ba ta faɗa ba, na kuma san gaskiya ta faɗa.

Gayyata ba ta tafi ba. Da sanyi ya shigo amsa ta zo, tallafin ya tafi wata makaranta a Tbilisi. Aka haɗe sashen da na aikin gona, aka yi wa Elguja liyafar ritaya wadda bai je ba, aka ce Tsiuri ta ƙarasa shekarar karatu, daga nan sai abin da hali ya yi. Ita da Elguja gida ɗaya suke, tebur ɗaya, amma Dali ta ce mini daga miƙo gishiri ba abin da ke haɗa su. Giyar sabuwar kaka ma a gidan maƙwabci Elguja ya zuba ta, don kada ya buɗe ɗakin randunan nan. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba wanda zai iya gaya masa.

Da zafi ya fara, yayar ta aiko da tikiti.

Na je rakiya da sassafe. Akwati ɗaya a tsakar gida, Keso tana zaune a kai tana kaɗa ƙafa, an gaya mata Mama za ta je ta sayo mata 'yar tsana ta dawo. Dali tana ta cusa cuku da busassun 'ya'yan itace a jaka, tana kuka tana faɗa da zif ɗin. Motar tana bakin titi, direba ya fara danna ham.

A wurinmu ba a barin matafiyi ya fita ba a sha don hanyarsa ba. Na ɗauka Dali za ta kawo kwalba daga kicin. Sai na ga Elguja ya zaro makulli daga aljihu ya nufi ɗakin randuna. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, da tulu a hannunsa, kuma tun kafin ya iso warin ya riga shi. Tsami. Dutsen kawai ya mayar a ranar nan, bai liƙe ba, bai juye ba, randa rabi a buɗe tun kaka. Mutumin da ya tsufa yana gaya wa yara iska ba ta yafiya.

Ya zuba giyar a ƙoƙo. Ta yi duhu, da wani farin yana a sama. Ya kai hanci, ko da yake ba ya bukata.

"Ta juya, 'yata," in ji shi. "Ni na bari ta juya. Ita ke nan da ya bar mana, kuma ni na kashe ta. Kada ki sha."

Ya karkata ƙoƙon zai zubar. Tsiuri ta riƙe hannunsa ta karɓa. Ita da ko ɗigon tsami ta ji a giya sai ta gane tun daga ƙofa, ita da ta koya wa ɗalibai wurin aje bokiti. Ta tsaya ta dube shi.

"Yi mini addu'ar hanya, Baba."

Da ƙyar ya ce, "Ki je lafiya. Ki dawo."

Ta kafa kai. Ina ganin maƙogwaronta yana ƙin karɓa tana tilasta masa, hawaye suna bin kumatunta, ba ta sauke ba sai da ta ga gindin ƙoƙon. Ta kife shi a tafin hannunsa, ko ɗigo bai faɗo ba. Ta ɗaga Keso daga kan akwatin, ta shinshini wuyanta, ta sa hannun yarinyar a cikin nasa, ta ja akwatinta ta fita ba ta waiwayo ba.

Muka tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Keso ta ja hannun kakanta.

"Kaka, me ya sa Mama take kuka?"

"Giyar ce ta yi tsami," in ji shi.